Zobe na Tara

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi karambanin rubuto miki alhali ba ki san ni ba. Ni ce autar ƙaninki, ina aji biyar a sakandare. Ina fatan kina lafiya, ke da duk wanda ke tare da ke. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar Kaka da ke tashi jefi-jefi.

Ta dalilin sarƙar azurfar Kaka na san da ke. Kin san ta: duk 'ya macen da aka haifa a gidanmu, sai a kai wa maƙerin bayan kasuwa ya ƙara mata zobe guda, kowane da zanensa. Ni ke wanke ta ran Asabar da tsohon buroshi. Rannan na ƙirga, na samu tara. Na lissafa masu zoben da na sani, har da Kaka da ni, takwas. Da na tambayi Kaka, sai ta ce ashe bokon nawa na ƙidayar kayan mutane ne. Baba kuwa ƙara muryar rediyo ya yi.

Maƙerin ne ya faɗa mini. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya ce mai zanen ganye naki ne, kin bar gida shekara ashirin ke nan bayan saɓani da Baba. Ya buɗe wani gwangwani ya miƙo mini 'yar takarda mai adireshinki.

Ga abin da ya dame ni. Zoben naki ya sirance ta gefe guda, kamar an goga masa magagari. Jiya kuma Baba ya ce zai kai sarƙar wanki ran Litinin. Wanki fa, Gwaggo! Ran Asabar ɗin nan na wanke ta da hannuna. Umma ta sunkuyar da kai kan kekenta na ɗinki. Na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma ina tsoron sarƙar ta dawo da takwas.

Ki huta lafiya.
'Yarki,
Auta

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ban jira amsarki ba, don na ɗauki alhakin Baba kuma dole in sauke.

Ran Litinin da aka tashi makaranta na bi ta maƙera da jakata a baya. Na tarar da sarƙar a kan teburi, tara cif, maƙerin yana narka azurfa yana cike zobenki. Na yi masa maganar magagari, ya yi dariya har da tari. Ya ce magagarin nan sunansa babban yatsan Kaka. In ta zauna ita kaɗai, naki take murzawa, har ya sirance. Wannan ne karo na uku da Baba ya kawo gyaransa, kuma kullum sai ya ce wa mutanen gida wanki ne.

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Amma har yanzu ban daina zargi ba. Na sake duba takardar adireshin nan. Bakwai ɗin da ke jiki an ja masa layi a tsakiya, wutsiyarsa ta karkata hagu. Mutum ɗaya na sani da ke rubuta bakwai haka, shi ke sa hannu a gurbin mahaifi a takardar sakamakona. Takardar kuma sabuwa ce, ko ninkinta bai dushe ba. Yau da safe na tsinci ambulan biyu da kan sarki a cikin littafina na lissafi. Ni dai ban saya ba.

Ɗaya na sa wannan a ciki. Ɗayan yana nan. In kin yarda, Gwaggo, ki ba ni izini in sake rubuto miki da shi.

'Yarki,
Auta