Maki Huɗun Bushra

Bakura, ranar Litinin

Zuwa ga Malama Hindu, mai koyar da Hausa, Talata Mafara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali da ɗalibai. Ni ce Surayya Bawa, yayar Bushra ta aji biyar. Na zaɓi takarda ne don in na kira ki a waya bakina zai riga hankalina.

Bushra ta zo hutu da takardar jarrabawa, maki huɗu cikin ashirin, kin rubuta mata da jan biro wai ta bar labari ta kama son zuciya. Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Sai da na matsa mata sannan ta miƙo mini labarin da kunka ce su yi nazari, wai "Yaron Kanal", na Imrana Hamidu na Maradun.

Malama, wanga Sufyanu na cikin labarin, ɗan shekara sha huɗu da ruwan kanal ya ci, ƙanena ne Mujahid, wan Bushra. Imrana kuma ɗan gwaggonmu ne. Suna kawai ya canza, ko tabon goshin yaron bai bari ba. Ke kuma kin tambayi jigo, kina jiran su ce illar ƙin jin maganar iyaye. Wato yarinya ta zauna ta rubuta da hannunta cewa taurin kai ya kashe ɗan'uwanta, sannan ki ba ta maki?

To ki sani, Baba ya hana Mujahid wanka a kanal, har da rantsuwa. Shekara shida ke nan da rasuwar, bai ce ya yafe mishi ba. In anka taɓo maganar sai ya ce yaron ya mutu yana saɓa mishi, ya tashi ya bar wurin. Yanzu ciwo ya kwantar da shi. Abin da ke cinmu a gidanga ke nan, shi kunka maida tambayar jarrabawa.

Ga takardar jarrabawar na haɗo miki. Ina jiran amsa ta hannun Ayuba direba. Ki huta lafiya.

Surayya.

*

Talata Mafara, ranar Laraba

Zuwa ga Malama Surayya.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ina yi muku ta'aziyya, Allah ya jiƙan Mujahid, ya ba Baba lafiya.

Wasiƙarki ta yi zafi, kuma ba duka na cancanta ba. Ban san labarin ya faru ba. A cikin ɗan littafin ƙungiyar marubuta na same shi, tare da jagorar amsoshi da shi marubucin ya tsara. Laifina shi ne na ɗora jagorar a gabana na bi takardu tamanin da shida a gurguje. Da na ga amsar Bushra ta saɓa, sai na ja biro.

Jiya na sake karantawa, kunya ta kama ni. Ko sau ɗaya Bushra ba ta ambaci gidanku ba, duk hujjarta daga cikin labarin ta ciro. Ga abin da ta rubuta:

"Mai ba da labari ya ce Sufyanu wanka ya shiga don ya burge abokai. Amma a shafi na huɗu an ciro shi da rigar makaranta da takalmi a ƙafarsa. Wane yaro ne yake shiga wanka da takalmi? Sannan ya ce shi ne ya faɗa ruwa don ya ceci yaron, amma a tsakiyar ruwan ya ce, 'Na ji tafin hannunsa a gadon bayana.' Wanda ruwa yake ci wuyanka yake kamawa, ba ya tura ka ta baya. Saboda haka jigon labarin ba ƙin jin magana ba ne. Jigonsa mutum ne da yake son ya faɗi gaskiya yana tsoro."

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da nazari, ban ga takalmin nan ba. Na mayar mata da makinta sha tara, ga takardar na dawo miki da ita. Ɗayan na riƙe ne saboda har yanzu tana haɗe kalmomi. Abin da ya rage kuma ba aikin malamar Hausa ba ne.

Ki gaida Bushra, ki ce ta ci abinci.

Taki, Hindu Abdulrashid.

*

Bakura, ranar Asabar

Imrana,

Sallama dai wajibi ce, don haka assalamu alaikum. Ina gaida Gwaggo. Sau tara na kira ka ba ka ɗauka ba, to ga takarda, ita ba a kashe ta.

Na haɗo maka abin da Bushra ta rubuta a kan labarinka. Karanta shi a zaune.

Na tuna ranar sarai. Kana da shekara ashirin, ka zo hutu gidanmu, kun fita gona kai da Mujahid bayan ya taso makaranta. Anka dawo da kai sharkaf kana rawar ɗari, mutane na cewa ga namijin da ya faɗa ruwa don ɗan'uwa. Baba ya tuɓe rigarshi ya sa maka. Gawar ɗanshi na kwance a zaure, kai yake sa ma albarka. Ni na dama maka kunu da hannuna, Allah ya isa tsakanina da kununga.

Ba ka tsaya nan ba. Ka ɗauki yaron ka sa a littafi, ka rubuta ma malamai amsar da za su tilasta ma yara, don duk ɗiyan Mafara su haddace cewa Mujahid marar jin magana ne. Wasan taubasantaka ya ƙare tsakaninmu. Tambaya ɗaya nike maka: wa ya fara faɗawa ruwanga?

Surayya.

*

Maradun, ranar Litinin

Yaya Surayya,

Wa'alaikumus salam. Ina fatan jikin Kawu da sauƙi.

Na karanta wasiƙarki, raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙagaggen labari na rubuta, ba shaidar kotu ba. Duk wanda ya yi aji ɗaya na adabi ya san mai ba da labari daban, marubuci daban. Takalmin salo ne na jawo tausayi. Kun ɗauki rubutun yarinya 'yar sha bakwai kun mai da shi tuhuma, ita kuma malamar da ya kamata ta tsawata ta biye muku.

Kin san me na sha a shekarun nan? Ko gadar ruwa zan haye sai na rufe ido. Jimlar nan ta tafin hannu sau uku ina goge ta, sau uku ina mayar da ita, ban san dalili ba.

Don girman Allah kada ki kai wa Kawu wannan magana yana kwance. Zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. A bar kaza cikin gashinta.

Ƙaninki, Imrana.

*

Bakura, ranar Talata

Imrana,

Salamu alaikum. Ban tambaye ka salo ba. Zuciyar Baba kake ji ko taka? Likita ya ce mu yi ta addu'a, ka san ma'anar haka. Ba zan bari tsohonga ya tafi da fushin yaron da bai yi mishi laifi ba.

Ka zo ranar Juma'a ka faɗa da bakinka. In ba ka zo ba, Bushra za ta karanta mishi takardarta, kuma a gaban Gwaggo.

Surayya.

*

Bakura, ranar Asabar

Malama Hindu,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Ki yi haƙuri da kaushin wasiƙata ta farko.

Imrana ya zo jiya bayan la'asar. Ya durƙusa ya faɗi komai. Shi ne ya hau bututun da ya ƙetare kanal yana nuna bajinta, Mujahid na ce mishi ya sauko, Baba ya hana. Santsi ya kwashe shi, ga shi bai iya ruwa ba. Yaron ya faɗa yadda yake, ya tura shi har ya kama gefe, shi kuma Mujahid ruwa ya ja shi cikin kwalbati.

Baba ko kallon Imrana bai yi ba. Can ya ce a tada shi zaune, ya ce, "Na yafe ma Mujahid duniya da lahira, in ma akwai abin yafewa. Ku kuma ku taya ni roƙon Allah ya sa shi ya yafe mini."

Ni dai ban yafe ma Imrana ba, kuma kada wanda ya zo mini da wa'azi yanzu.

Bushra na tafe gobe da motar Ayuba. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Surayya Bawa.