Gurbin Kujerun Baya

Tasawa, daren Laraba, bazarar 1985

Tun kaka maigida ke fama da 'yar motarsa. Ya cire kujerun baya don ta rage nauyi, ya matso da cikinta ƙasa, wai sai ya tsere wa abokansa bisa kwalta. Yau saƙo ya zo daga Urafan, rumbun mahaifiyarsa ya ƙare. Hanyar can kuwa rairayi ne zalla. Sai ya shige ƙarƙashin motar yana ɗaga ta yadda take da, ina miƙa mashi ƙarafa.

Na ce, "Maigida, in ɗauko kujerun ma?"

Ya ce, "Bar su, Hadiza. Gurbin buhunan gero ne."

Ban taɓa son motar nan ba sai yau.