Ku Nuna Mini Kabarin Yayana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin da anka ɗora wa tsare mu daga Korona a wanga yanki namu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. An gaya mini kwamitin naku ya daɗe da watsewa, kowa ya kama gabansa. To, ni tsoho ne, labari a makare yake iske ni. Amma na san kana raye, kuma kana karatu. Shi ya sa na ba da wagga takarda a buga ta inda kowa zai gani, tunda takardun da na kai ofishinku da hannuna ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Ni manomin tafarnuwa ne daga Magarya, ƙasar Wurno. Ba diyya nake nema ba, ba kuma buhun shinkafar tallafi ba. Kabarin yayana nake nema. Bari in jero maka yadda anka yi ya ɓace, ka yi haƙuri da tafiyata, ba ta da sauri.

Na ɗaya, zancen shinge. Sa'ad da cutar ta fara, a rediyo munka riƙa jin ta kamar tatsuniya: yau tana wata ƙasa, gobe tana Legas, jibi Kano. Munka ce ai ciwon masu hawa jirgin sama ne, mu da jirginmu na itace a gulbin Rima mi ya haɗa mu da ita? Cikin azumi sai ga ta har ɗakin yayana. Tari, zazzaɓi, numfashi kamar na mai hawan tudu da buhu a ka. Munka ɗauki mota, ni da shi da matarsa Hajo, munka nufi birni. A hanya munka iske shingenku. Ma'aikatan sunka ce mai tari ɗan rakiya guda ake bar masa. Kan Yaya na bisa cinyar Hajo, don haka ni na sauka. Ya riƙo bakin rigata ya ce, "Ƙane, kada ka manta, kai za ka wanke ni." Alkawari ne munka yi tun ranar da munka rufe mahaifinmu: wanda ya rage shi ke wanke ɗan'uwansa, in nasa lokacin ya zo a kwantar da shi kusa da shi.

Ina tsaye nan bakin hanya, babbar motar albasa ta zo, mutane jingim bisa buhuna, kafaɗa da kafaɗa, ba mai takunkumi. Direba ya gaisa da ma'aikatanku irin gaisuwar da ake dunƙule hannu, anka ɗaga masa itacen shinge. Ranar na gane cewa cutar tana jin kunyar albasa. Ni kaɗai ne haɗari.

Na biyu, zancen akawu. Ranka ya daɗe, kai ɗan ƙasar nan ne, ka san matan zamaninmu ba su faɗin sunan miji. Hajo ta tsufa a gidan Yaya, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, sunan bai taɓa fita bakinta ba. Da sunka isa asibitin da kunka keɓe, Yaya ya riga ya daina magana. Akawu baƙo ne, an naɗe shi cikin leda tun daga kai har ƙafa, yana tsaye can nesa yana ɗaga murya. Ya ce, "Sunan mara lafiya?" Ta ce, "Malam ne." Ya ce, "Malam wa?" Ta ce, "Malam dai, maigidanmu." Ta waiga tana neman wanda zai faɗa a madadinta, kamar yadda ta saba duk rayuwarta. Wanda zai faɗa ɗin kun sauke shi a shinge. Akawu na da layi a gabansa, ya rubuta "Malam, Wurno", ya kira na gaba.

Na uku, kwana uku ban samu abin hawa ba. Labari ya riga ni komawa gida cewa gidanmu gidan Korona ne. Direban da ya kai Yaya an hana shi shiga tasha, saura kuwa da sun hango ni sai su tuna motarsu ta cika. Mutanen da munka ci tuwo akushi guda tun muna samari sunka koma gaishe ni daga ƙetaren hanya. Ban ga laifinsu ba, tsoro kunka raba mana, kuma shi kaɗai ne rabon da ya kai kowane gida. A rana ta huɗu wani mai babur ya ji tausayina, ya bi da ni ta daji. Da na isa asibitin anka ce an riga an rufe Yaya. Ba ni na wanke shi ba. Ban san ma ko an wanke shi ba. Hajo kuwa tana kulle a ɗakin da ake tsare waɗanda sunka taɓa mara lafiya, ta taga munka yi wa juna ta'aziyya.

Na roƙi a buɗe littafin sunaye, anka buɗe. Cikin makon nan "Malam" uku ne sunka rasu daga gefenmu, har da na wajen Goronyo da na Rabah, duk an jingina su ga Wurno don ta wannan hanya sunka shigo. Ashe ba Hajo kaɗai ce mai tarbiyya ba.

Na huɗu, maƙabarta. Mai haƙa kabari mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Baba, wancan mako ko nawa sunan ban iya tunawa. Masu fararen kaya ke kawo su, su ce rufe, in rufe." Ya nuna mini tsakanin wani itacen dogon yaro da katanga, ya ce ba zai wuce nan ba. Damina bayan damina ta bi ta kai, ƙasa ta baje. Duk zuwan da na yi sai in tsaya tsakiyar wurin in yi addu'a ga kowa, kamar mai watsa iri bai san inda zai tsiro ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hajo. Tun da ta gama takaba hankalinta bai koma daidai ba. Yanzu faɗin sunan take yi. Tana faɗa wa mai tallar magani, tana faɗa wa matan rigakafi, duk wanda ta gani da farar riga ko da biro sai ta tare shi ta ce, "Ɗana, rubuta, yanzu na iya faɗi." Jikokinta kan sunkuyar da kai. Ni kan tashi in bar wurin.

Ga roƙona. A nemo akawun, ko wanda ya tuƙa motar gawa, ko wata takarda da ta nuna wane Malam anka fara fitarwa da inda anka sa shi. In ba a iya rarrabewa, a nuna mini ukun, na karɓe su duka a matsayin yayyena. Sannan a koya wa masu rubuta suna a asibitoci cewa in tsohuwa ta ce "Malam", su tambaye ta sunan gidansu da unguwa, ko su miƙa mata waya ta kira wanda zai faɗa. Wata annoba za ta zo, ba a gama ba.

Ba na sa ran amsa, gaskiya. Shingenku ya tashi, amma waɗanda ke tare hanya yanzu ba takunkumi suke tambaya ba, kuma gwiwata ba ta ƙara ɗaukar babur. Rabin alkawarin ya riga ya kuɓuce mini, ɗaya rabin ma ina ganin nan Magarya za a rufe ni, ni kaɗai.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai. Ranar da taka ta zo, Allah ya sa naka na kusa da kai, ya sa a san inda anka kwantar da kai.

Abu na ƙarshe. Ni ma tun tasowata Yaya nake ce masa, ban taɓa kiran sunansa ba sai yau. Sunansa Umaru. In littafin na nan, a soke "Malam" guda, ko wanne ne, a rubuta.

Wassalam.

Naka,
Ƙanen mamaci, daga Magarya.