Kada a yi wa Falalu kaciya tukuna

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki daga Damagaram. Yaya autanmu Falalu da mutanen Falanko? Muna lafiya, ina cin abinci, sai dai yayansa Haris bai iya zama ba tukuna.

Jiya a asibiti aka ɗebi jinin Haris a 'yar kwalba, aka auna lokacin da yake ɗauka kafin ya daskare. Likita ta ce nasa yana daɗewa ƙwarai, shi ya sa tun da aka yi masa kaciya jinin ya ƙi tsayawa. Ba laifin wanzami ba ne. Ta tambaya ko an taɓa yin haka a danginki. Na tuna ɗan'uwanki marigayi Kawu Hamidu, wanda shi ma jini ya ƙi tsaya masa har ya rasu.

Inna, ko Baba ya yi faɗa, kada a yi wa Falalu kaciya sai an gwada jininsa. Allah ya bar mana su duka biyun.

'Yarki,
Fa'iza