Rigar da Kawu Ya Ƙarasa

Ƙofar Gayan, Zariya
Talata, 14 ga Mayu, 2024, ƙarfe 10:40 na safe

Yaya Sa'ida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya Kaduna?

Ina zaune a soron gidanmu, gaban tebur ɗin da nake aiki. Da biro nake rubuto miki domin wayata tana ɗaure a jikin sanda, ta kalli teburin, kuma ke kika koya mini tun muna makaranta cewa idan ta gusa ko da kaɗan ne, aiki ya lalace. Direban maƙwabcinmu Malam Sadiƙu zai kawo miki wannan.

Kin san fim ɗin da zan tura wa masu horaswar nan kafin 31 ga wata, wanda da shi za su zaɓi ɗalibai. Na shimfiɗa farar shadda, Kawu Aƙilu ya soka allura sau biyu ko uku, ya janye hannu, in ɗauki hoto. Hoto goma sha biyu ke ba da sakan ɗaya. Idan aka jera su, sai a ga ɗinkin babbar riga yana tsirowa da kansa. Mun kai kashi ɗaya cikin uku. Kullum sai ya ce, "'Yar nan, wannan ɗinki ne ko jiran likita?"

Ranar Juma'a na tafi jami'a karɓar takarduna, na kwana uku a Samaru. Jiya na dawo na tarar da rigar a ninke. Ya cire ta daga tebur, ya ɗora a gwiwa kamar yadda ya saba, ya ƙarasa ta duka. Ya ce ya ga ina ramewa, shi ya sa ya hutar da ni. Har murmushi yake yi.

Na yi masa godiya. Me zan ce? Yanzu ina da farkon fim, ina da ƙarshe, babu tsakiya.

Ki gaida Umma.

Ƙanwarki,
Radiya

*

Kaduna, Alhamis

Hajiya Ƙarfe-Nawa,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na yi dariya, sannan na ji tausayinki. Wa ya ce ki bar mai shekara hamsin yana ɗinki da allura da riga rabin aiki, ki tafi? Ai ko ni ce hannuna zai yi ƙaiƙayi.

Sabuwar riga ba za ta yiwu ba, lokaci ya ƙure. Amma akwai hanya. Mayar da rigar kan tebur, ki riƙa warware ɗinkin kaɗan-kaɗan kina ɗauka, har ki koma inda kika tsaya. Sai ki juya hotunan, na ƙarshe ya zama na farko. Mai kallo zai ga tana tsirowa. Warwara ta fi ɗinki sauri.

Daina kuka, ki nemi reza.

Sa'ida

*

Asabar, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Yaya Sa'ida,

Bayan gaisuwa, na gode. Dabarar ta yi, na gwada a tsumma. Amma ke ba ki san Kawu ba.

Na same shi a zaure, na durƙusa na yi masa bayani sau biyu. Ya ce, "Akwai inda na karkace?" Na ce babu. "Zaren ya zuba?" Na ce a'a. Ya ce, "To tun ina yaro abin da ake warwarewa shi ne aikin da ya ɓaci. Idan mutanen unguwa suka ji an warware rigar Aƙilu, me za su ce?" Na ce ai a fim ba za a ga ana warwarewa ba. Ya ce, "Su ba za su gani ba. Ni fa?"

Akwai abin da ban sani ba sai jiya. Inna Kulu, matarsa, ta ce ya daɗe ba ya iya zura zare, ita ke zura masa. Kwanakin nan uku da ba na nan a tsakar gida ya yi su, yana bin rana daga wannan bango zuwa wancan, idanunsa na hawaye. Wata shida ke nan ba ya karɓar aikin kowa. Ni ina ta ƙorafin hadari yana canza mini haske, ban lura shi ma hasken yake nema ba.

Na duba ɗinkin da kyau. Ban ga kuskure ko ɗaya ba. Da na samu, da na huta.

Radiya

*

Kaduna, Litinin

Radiya,

Na janye dariyar. Ba zan ce miki warware ba, ba zan ce bari ba. Abin da na sani, idan ba ki fara kafin Alhamis ba, ba za ki gama ba, kuma sai baɗi za su sake ɗauka. Ki gaishe mini da Kawu.

Sa'ida

*

Laraba, 22 ga Mayu, ƙarfe 7:15 na safe

Yaya Sa'ida,

Assalamu alaikum. Da na shigo soro na tarar da rigar a shimfiɗe kan tebur, daidai kan alamun allin da na yi. Ba ni na shimfiɗa ta ba. A gefenta akwai 'yar rezar da Kawu ke yanke zare. Inna Kulu ta ce ya fita tun da asuba, ya tafi Tudun Jukun wajen ƙaninsa, bai bar mini saƙo ba.

Haske ya yi daidai. Waya ta cika da caji. Ban taɓa komai ba tukuna.

Abubuwan da ban sani ba:

Ko shaddar za ta nuna hujin allura bayan an zare.

Ko masu zaɓe za su gane baya-baya aka yi.

Ko idan na warware, idonsa zai iya mayarwa.

Yaushe zai dawo.

Ko ba ni rezar ya yi, ko mantawa ya yi da ita.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Radiya