Kazar Ta Warke, Inna Ba Ta Tashi Ba

Batsari, 9 ga Rajab, 1956

Zuwa ga ƙanena Armaya'u, a Badun.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Zuwairatu. Allah Ya tsare ku a baƙon wuri, Ya sa albarka a aikinka. Mu nan mun gode Allah, an yi girbi lafiya, matata Hansai ta sauka an samu mace. Sai dai zancen Inna, wanda shi ya sa na ajiye wuƙa ranar kasuwa na zauna rubutu.

Ka san tun bara take fama da ƙishirwa da yawan fitsari, tana ta ramewa, har malamin asibitin Safana ya ce ciwon sukari ne. To, yau kwana hamsin ke nan da ta karye a ƙwauri. Ba daga kan jaki ta faɗo ba, dokin ƙofar ɗakinta kawai ta tsallaka da ƙwarya a hannu, ƙafar ta ce ƙas. Muka ɗauko Mani maɗori daga Wagini. Ya yi yadda ya gada: ya karya ƙafar kaza, ya ɗora ta tare da ta Inna, ya ce ran da kazar ta taka, Inna ma za ta taka. Kazar ta taka tun kwana ashirin. Da aka kwance karan ɗorin Inna kuwa, ƙashin na motsi kamar jiya aka karye.

Mani ya ce ɗorin ne ya goce, sai an sake karyawa a ɗora sabo. Kawu Hashimu ya goyi bayansa, ya ce hannun Mani bai taɓa ba shi kunya ba, kuma gaskiyarsa ne. Ni kaɗai na tsaya na ce a dakata, har Kawu ya tambaye ni yaushe mahauci ya zama likita.

Abin da ya tsayar da ni wasiƙarka ce ta damina. Ka ce a gidan binciken da kake kiwon zomaye, likitan yakan sa wa waɗansu ciwon sukari, bayan watanni a feɗe su, a ɗora wa ƙashin cinyarsu nauyi. Na masu lafiya ya daure, na masu ciwon ya tsinke tun nauyin bai kai ko'ina ba, cikinsa duk ƙofofi. Ban ɓoye maka ba, ranar na karanta wa mahauta a rumfa, muka yi ta dariya, na ce ɗan gidan fawa ya koma bawan zomo. Ka yafe mini. Shekara ashirin ina sarar ƙashi, na san wanda ke ja da gatari, na san wanda ke marmashewa, kuma da na riƙe ƙafar Inna na ji irin mai marmashewar ne. Ina tsoron in aka sake karya ta, ba za a sami abin haɗawa ba.

Don girman Allah ka je wurin likitan nan, ka cire kunya ka tambaye shi: zomon da ke da wannan ciwo, in ya karye, yana haɗewa? Jira ake yi, ko akwai abin da ake ba shi? In kuwa ba ya haɗewa, ka faɗa mini gaskiya, rashin sani ya fi dare duhu. Da ƙyar na roƙi Kawu ya ba ni zuwa tsayuwar watan Sha'aban. In amsarka ba ta iso ba, Mani zai dawo, ni kuma ba ni da bakin hana shi.

Inna ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ku tambayi Armaya'u, in ya ce a karya, ga ƙafar."

Hansai da amaryata Lami suna gaishe ku, Kawu ma ya ce a gaishe ka duk da fushinsa. Ka gaida Zuwairatu. Kazar kuwa na so in yanka don in daina ganinta, Inna ta hana, ta ce a bar maka sai ka zo. Tana nan tana tsere a tsakar gida, Inna na bin ta da ido daga kan tabarma.

Wassalam. Ni ne wanka mai duban hanyar Katsina don jiran amsarka,
Mati.