Kwaɗon da Nis Sa ma Gidan Tanko

Yaya Hamidu, ina gaisuwa. Ina lahiyarka, ina Kwatano, ina iyali? Mu nan Hilinge lahiya lau, ban da bakina.

Gidan marigayi Tanko da kas saya gwanjo, na sa mishi kwaɗo yadda kac ce. Ashe rumbun iyalin Tanko na ciki, cike da hatsin bana. Don tsokana nic ce ma ɗiyanshi har hatsin kas saye. Babbansu ya hwasa mani baki da taɓarya, haƙora biyu sunka zube, jini har ga wando. Yanzu adda yaka yawo da ita.

A sa mu addu'a, ka gaida matarka. Ka ba ni izini in buɗe su kwashe hatsinsu. In ko ka ƙiya, taho da kanka, suna tambayar kamanninka.

Ƙanenka, Sani